Iya da Ƙofar Gidan Kusfa

Iya ta rasu ranar Talata da hantsi, ana tsakiyar damina, muka binne ta ranar Alhamis a Wusasa. Allah ya sa ta huta. Ni dai ban huta ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Kwana uku ina zaune a tsakar gida ina sauraron masu gaisuwa har kunnena ya gaji. Matan zumuntar majami'a sun zo da ankonsu, sun yi waƙa, shugabarsu ta miƙe ta ce a duk tsawon rayuwar Iya ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Na dubi Baba, Baba ya dubi ƙasa. Matar da ta taɓa korar fasto daga ƙofar ɗakin haihuwa da muciya a hannu, ta ce ya je can gindin mangwaro ya yi addu'arsa, Allah na ji daga can! Ban san abin da ya sa in mutum ya mutu sai a wanke shi har a wanke halinsa ba.

A rana ta biyu matan birnin Zariya suka zo, mota guda, an yafa mayafai, ruwan sama ya jiƙa su. Yawancinsu Iya ce ta karɓi haihuwarsu. Suka shigo da sallama, suka zauna a tabarma, sai magana ta maƙale, don ba su san addu'ar da za su yi wa Kirista ba. Wata tsohuwa ta fara, "Allah ya ji..." sai 'yarta ta taɓa mata gwiwa, ta haɗiye sauran. Can ta gyara zama ta ce, "Ni dai 'ya'yana bakwai a hannunta suka faɗo. Abin da ke tsakaninta da Allah ban sani ba, ba a kuma tambaye ni ba. Abin da ke tsakanina da ita shi ya fito da ni cikin ruwan nan. Allah ya ba ku haƙuri." Wannan gaisuwar ce kaɗai ta sa ni kuka.

Bayan sun tafi ina kwashe kofuna, na ji wata daga cikin namu tana raɗa wa ta kusa da ita: "Shekara da shekaru tana jigilar abincin Kirsimeti zuwa birni, ko mutum ɗaya bai karɓi Yesu ba. Wahala kawai." Na so in juye mata ragowar kunun a cinya. Abin da ya hana ni shi ne ni ma na taɓa faɗin wannan maganar, a gaban Iya kuma na faɗe ta. Ban tsaya nan ba. Ƙofar da ta yi shekara tara tana jira a buɗe mata, ni na rufe ta a yini ɗaya. Ba wanda ya faɗi wannan a wurin makoki, don haka ni zan faɗa.

Iya ita ta haifi Baba. A Kusfa aka haife ta, cikin birnin Zariya, gidan malamai ne tun kaka da kakanni. Tana budurwa ciwon ido ya kama ta har ta kusa makancewa, aka kai ta asibitin mishan a Wusasa. Ta warke, ta zauna tana taya aiki, ta koyi ungozomanci, daga baya aka yi mata baftisma ta auri kakanmu. Mahaifinta ya aiko cewa kada ta sake taka masa gida, ya kuma mutu a kan maganarsa. Ba ta son ba da wannan labarin. In na matsa mata sai ta ce, "Uba ne. Abin da ya sani ya yi. Miƙo mini gorona."

Gidan ya koma hannun ƙanenta, wanda muke kira Malam. Ita ta goye shi yana jariri. A gaban mutane ita ma Malam take ce masa, amma in ranta ya ɓaci sai ta ce Auta.

Shekarar da mahaifinsu ya rasu ta fara abin da aka san ta da shi. Ranar Kirsimeti ana tashi daga majami'a, ba ta ko tuɓe kayan jikinta, sai ta ɗora kwanon shinkafa da miyar kaji a ka, ta bi ta Ƙofar Kuyambana da ƙafa har Kusfa. Ta ce ai da sallah 'yan'uwa ake kai wa abinci, ita kuma wannan ce sallarta, 'yan'uwanta kuma a Kusfa suke. Ta yi sallama a zaure, ba a amsa ba. Ta zauna a dakalin waje har la'asar, ta ɗauki kwanonta ta koma. Wata shekara ta dawo. A ta huɗu matar Malam, wadda muke kira Gwaggo, ta aiko mata da ruwa a moɗa. A ta shida aka fito da tabarma. A ta bakwai aka karɓi kwanon, amma ba a ce ta shigo ba. Na taɓa ce mata da ni ce tun shekara ta biyu na watsa wa karnuka shinkafar na yi gaba. Ta ce, "Na sani. Shi ya sa ba ke aka aika ba."

A ta tara Malam ya fito da kansa. Ya ce, "Yaya, gidan ubanki ne, shigo. Amma da sharaɗi. Ki shigo da ƙafarki da kwanonki, kada ki shigo mini da takardar addininki. In an tambaye ki addininki ki amsa, ban ce ki yi ƙarya ba. In ba a tambaye ki ba, ki bar mini iyalina." Ta ce ta yarda. Fiye da shekara ashirin ba ta karya ba.

Ba ta wasa da yanka. Tun saura kwana biyu take aika wa wani mahauci Musulmi da kowa a Kusfa ya san shi, ya zo har gida ya yanka kajin da bisimillarsa. Tukunyar wannan miyar daban take, ba a dafa komai a cikinta sai ita. Wata shekara Baba ya ce don me za a riƙa wahalar da mutum daga birni, shi ma ai ya iya riƙe wuƙa. Ta ce, "Ka iya. Amma in sun kai loma baki suna wasiwasi, me na kai musu? Ciwon ciki?"

Tun ina firamare nake raka ta, ni ke ɗaukar kwandon cincin na yara. Muna shiga yara su yi caa a kanmu, Gwaggo ta fito tana tafa hannu, "Ga masu sallar sanyi! Yaya, bana ma dai da ƙafa? Ɗanki ba shi da babur ne?" Malam ya leƙo daga turakarsa ya ce mini, "Amaryata, har yanzu ba ki yi ƙiba ba? Na fasa." In an ci an sha, mata su zagaye Iya, kuma duk shekara sai an sami mai tambaya. Wata amarya da aka kawo gidan, ko maƙwabciya, ta ce, "Wai Iya, bikin me kuke yi ne haka?" Sai Iya ta ɗaga murya yadda za a ji har turaka: "Kun dai ji tambayata aka yi ko?" Gwaggo ta ce, "Mun ji, mu ne shaida."

Ban taɓa jin wanda ya iya ba da labarin haihuwar Yesu kamar ta ba, har fastoci. Da idon ungozoma take ba da shi. Yarinya da cikin fari, wata tara, an tilasta musu tafiya garin kakanni saboda ƙidaya. Masauki ya cika. Naƙuda ta kama ta a inda ake ɗaure dabbobi. "Ba uwa a kusa, ba gwaggo. Wa ya yanke cibi? Wa ya dafa ruwan wanka? Wa ya dama mata kunun kanwa? Ni duk shekara wannan ke hana ni sukuni." Mata su yi ta salati suna tausaya wa Maryamu. Gwaggo ta ce, "A'a Yaya, mu a wajenmu gindin dabino ta haihu." Iya ta ce, "To ko a gindin dabinon, akwai ungozoma?" A fashe da dariya.

In an zo inda hanya ta rabu ba ta kewayewa. Wata ta taɓa tambayarta, "Da gaske kuna cewa Allah yana da ɗa?" Iya ta ce, "Ba irin haihuwar da ni da ke muka sani ba. Amma i, na gaskata Allah da kansa ya sauko cikin wannan jaririn, ya zo inda muke don mun kasa zuwa inda yake. A kan haka zan mutu." Wasu suka ce a'uzubillahi, wata ta tashi ta shige ɗaki. Iya ba ta ƙara ko kalma ba, ba ta kuma janye ko kalma ba. Ta juya ta tambayi Gwaggo ya ciwon ƙafarta. Washegari aka aiko a kira ta, matar nan da ta shige ɗaki ce ƙanwarta ke naƙuda.

Da babbar sallah kuma cinyar rago sukutum ke zuwa mana daga Kusfa. Haka muka taso.

Sai na shiga aji huɗu a sakandare, na shiga zumuntar ɗalibai Kirista, kaina ya ɗau zafi. Lokacin ba a daɗe da tashin hankalin nan da aka ƙona wuraren ibada ba, kowa a garin yana kallon kowa a kaikaice. Mu a makaranta ana gaya mana lokaci ya ƙure, duk wanda ya yi shiru jinin 'yan'uwansa na wuyansa. Na gaskata, har yau ma ban ce duka ƙarya ba ne. Da za a yi hutu aka raba mana 'yan takardun bishara da Hausa, masu hoto, aka ce Kirsimeti dama ce, kada mu bar ta ta wuce. Na dubi Iya da kwanonta na ga tsohuwa ce mai tsoro.

Aikina ne ƙunsa cincin, kowane yaro da ƙunshinsa a tsohuwar jarida. A wannan shekarar na sa takarda ɗaya a cikin kowane ƙunshi. Ashirin da uku. Na san sharaɗin sarai, ba mantawa na yi ba. Har daɗi nake ji a hanya.

Ba mu gama gaisawa ba abin ya fashe. Wata yarinya 'yar aji uku ta zauna a bakin rijiya tana haɗa baƙi da ƙarfi, tana karanta wa ƙannenta. Mahaifinta, babban ɗan Malam, ma'aikaci ne a sakatariya, ya zo wucewa ya ji. Ya karɓa ya duba, ya bi yaran ɗaya bayan ɗaya ya tattara sauran. Ba a daɗe ba aka ce Malam na kiran Iya a zaure.

Na bi ta. Akwai baƙi a zauren, almajiransa manya masu gemu da maƙwabta biyu. Takardun na zube a kan buzu, duk maiƙo. Babban ɗan yana tsaye. Ya ce, "Mutanen unguwa sun yi ta mana magana, muka ce ita daban ce. Da manya aka ba, da sauƙi. Yara, Iya? A cikin abinci?" A lokacin na tsane shi. Yanzu na san da 'yata ce ni ma abin da zan faɗa ke nan.

Malam bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yaya, ki ce ba ki san da wannan ba, ba ruwanki da abin da ke ciki, magana ta mutu a nan."

Ina tsaye a bayanta. Kalma ɗaya ce ta rage mini, in ce ni ce. Ban faɗa ba. Ni mai bakin nan da kowa ke kuka da shi.

Iya ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki ɗaya, ta nisanta ta da idonta ta karanta har ƙarshe. Ta ce, "Da hannuna ban sa ba. Amma daga gidana kwandon ya fito, alhakin nawa ne, an ci amanarka, ka yafe. Abin da aka rubuta kuwa, Malam, ba zan ce ba ruwana da shi ba. Shi na gaskata."

"Wa ya sa?"

"Na ce daga gidana ya fito."

Malam ya dube ta. Sannan ya ce, a gaban mutanen nan duka, "To an karya sharaɗi. Ki ɗauki kwanonki."

Har muka fita Ƙofar Kuyambana ba ta ce mini uffan ba. Da ta zage ni da ya fi mini. Muna isa gida na riga ta, don na san ba ni da gaskiya, mara gaskiya kuwa shi ke fara ihu. Na ce, "Shekara talatin kina kai shinkafa, mutum nawa suka tuba? Faɗa mini, nawa? Ko ɗaya! Ni aƙalla na yi wani abu. Ke tsoron ƙanenki kike ji!"

Ta ajiye kwanon, ta zauna a kan turmi, ta kwance ɗankwalinta. Ta ce, "Ke, uwar gaggawa. Haihuwa nawa na karɓa a garin nan?"

Na ce ban sani ba.

"Ni ma ban sani ba. Amma ko ɗaya ban taɓa sa hannu na fizgo ba. Mai fizgowa gawa biyu take fitarwa. Aikina in zauna kusa, hannuna a wanke, in lokaci ya yi a same ni. Mai kawo lokacin daban ne." Ta nuna ni da yatsa, a nan muryarta ta tashi har maƙwabta suka leƙo. "Kuma kada ki ce kin yi wa Yesu aiki. Shi a fili ya yi maganarsa, aka kashe shi a fili. Ke kin ɓoye shi a cikin cincin kamar sammu. Yanzu duk yaron da ke gidan nan, in ya girma ya ji sunansa, abin da zai tuna shi ne ranar da aka yaudari ubansa."

Ba ta gaya wa Baba ba. Ba ta ce in je in ba da haƙuri ba. Ba ta sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Wannan ne mugun halinta, in kuna son sani: ta iya barin mutum da kansa.

Kirsimeti na zagayowa ta aika a kira mahauci. Baba ya ce, "Iya, ina za ki? An kore ki." Ta ce, "An taɓa korata." Ta haura saba'in a lokacin, gwiwoyinta sun kumbura, wuyanta ba ya ɗaukar kaya. Ni na ɗauki kwanon, ba don ta ce ba. Muka yi sallama ba a amsa ba. Ta zauna a dakalin nan na da, rana na dukanta, masu wucewa na kallonmu. Yaran da ke rugowa su rungume ta suna leƙe ta bayan ƙyaure. Can sai ga moɗar ruwa an turo daga zaure, ba a ga mai turowa ba. Iya ta sha ta ce, "Gwaggonki ce. Ita kaɗai ke jiƙa tsamiya a ruwa." Da la'asar muka koma. Cinyar rago ba ta zo ba a shekarar. Kirsimeti na biye ma haka muka yi. Duk zaman nan ina gefenta ina cewa a raina yanzu zan tashi in shiga in faɗa. Ban tashi ba.

Bayan wannan da wata huɗu Gwaggo ta rasu. Ba a aiko ba. A bakin wata mai tallan daddawa Iya ta ji, bayan an yi sadakar uku. Ta ce, "Yaushe?" Aka gaya mata. Ta ce, "To." Ta shiga ɗaki. Na leƙa na same ta a durƙushe bakin gado da gwiwoyin nan nata, kafaɗunta kawai ke motsi. Shekara talatin suna ƙawance, ko sallama ba su yi ba, saboda takarduna ashirin da uku.

Washegari na yafa gyale na tafi Kusfa ni kaɗai. Na sami Malam a zaure bayan la'asar, almajirai sun watse. Ya rame. Na durƙusa na yi masa gaisuwar rashi, ya amsa, bai kira ni amarya ba. Ban iya kewaye-kewaye ba, na ce, "Malam, takardun nan ni na sa. Iya ba ta sani ba."

Ya ce, "Na sani."

Na ɗago.

"Tun ranar na sani. Yaya ba ta sa abu a ƙarƙashi. In za ta mare ka a fuska take mari, na sha."

"Kun sani kuka kore ta?"

"Na buɗe mata hanya a gaban mutane ta ƙi bi. Ta ƙi ta ce ba ruwanta, ta ƙi ta faɗi mai laifi. Ni kuma na riga na yi magana. Ina jira mai laifin ta zo da ƙafarta, in sami abin gaya wa mutane. Ban zaci za ta yi shekara biyu da wata huɗu a hanya ba."

Wannan ta shige ni. Amma bakina bai mutu ba. Na ce, "Nawa laifin na ɗauka, ku yafe mini. To tsohuwar da kuka bari a rana sau biyu don kada a ce kun lashe amanku fa? Gwaggo ta rasu ko aike babu. Wannan ma ni ce?"

Na zaci zai kore ni. Ya sunkuyar da kai yana jan carbi, har na fara jin kunya. Ya ce, "Tana ciwo ta ce a kira mata Yaya. Na ce sai gobe." Ya share ido da hannun riga. "Wannan nawa ne, ba naki ba. Bakinki irin nata, Allah ya shirye ki. Ki ce mata ta zo."

Na ce, "Ba sai na ce ba, za ta zo. Ku dai ku san abin da za ku yi in ta zo."

Da na gaya wa Iya inda na je, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kin ci abinci?" Shi ke nan. Ta je ta yi gaisuwar Gwaggo a satin, aka shigar da ita, ta zauna a ƙofar ɗakin marigayiyar ta yi kukanta. Amma ta ce wannan shigar makoki ce, kowa ma ana barinsa. Sai Kirsimeti za ta san ko an buɗe mata ƙofa.

Ranar ta zo. Mun fi awa biyu a hanya, tana tafiya tana hutawa. Muna shan kwanar gidan muka hango Malam tsaye a ƙofar zaure da farar riga. Ya sauke kwanon daga kaina da hannunsa. Babban ɗansa ya fito ya durƙusa ya gaishe ta. Ni ma na gaishe shi na ba shi haƙuri, ya ce ya wuce, ko da yake na ga ya kwance ƙunshin cincin ɗaya ya duba, ban kuma ga laifinsa ba. Bayan an ci abinci wata sabuwar amarya ta tambayi bikin me ake yi. Iya ta ce numfashinta ba zai kai ba, jikarta za ta faɗa. Na faɗa a guje kamar mai karanta jarabawa, cikin minti biyu na kai makiyaya har na dawo da su. Ta ce, "Kai! Ko naƙudar ba ki bar yarinyar nan ta yi ba." Mata suka yi ta dariya, ta karɓa ta gyara mini.

Da la'asar muka yi sallama. A birni nisan rakiya shi ne girman baƙo. Wani a ƙofar ɗaki ake sallamarsa, wani a zaure, wanda ake ji da shi a taka masa har bakin layi. Malam ya sa takalmi ya ɗauki sandarsa. Na zaci a zaure zai tsaya. Ya wuce. Bakin layi ma ya wuce. Ya miƙa mata kafaɗa ta dafa, tsofaffi biyu suna jan ƙafa, ni ina biye da kwano wayam.

Akwai wata majalisa a gindin dalbejiya kusa da masallacin unguwa, inda dattawa ke zama bayan la'asar. Da hanyar baya da ake iya bi a kauce mata, ita muke bi kullum. Malam ya miƙe ta gabansu. Suka amsa sallamarsa suna kallon tsohuwar da ke dafe da shi da ɗan gicciye a wuya. Wani wanda bai daɗe a unguwar ba ya ce, "Malam, baƙuwa aka yi?"

Ya tsaya. Ya ce, "Ba baƙuwa ba ce. Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta goye ni. Yau sallarsu, ta kawo mana abinci."

Iya ba ta dubi kowa ba. Na ga dai yatsunta sun ƙanƙame rigarsa.

Bai juya ba sai a Ƙofar Kuyambana. Suka tsaya suna haki su biyun. Ta ce, "Auta, koma haka, magariba za ta same ka a hanya."

Ya ce, "Sai baɗi, Yaya."

Ta ce, "In mai lokaci ya yarda."

Ba ta kai baɗin ba. Malam bai bar addininsa ba, ba wanda ya bari a gidan, ita ma ba ta rage komai daga nata ba. Mai son lissafi ya je ya yi, ni na daina. Abin da na gani da idona shi ne muna tafiya ina waiwaye, shi yana tsaye a bakin ganuwa dogare da sanda, bai motsa ba. Iya ba ta waiwaya ba ko sau ɗaya. Sai da muka yi nisa ta ce, "Yana nan?"

Na ce, "Yana nan."

Ta ce, "To rage sauri."